Jawabi Kan Farin Hankaka

Wannan jawabi ne da wani malamin daji ya yi wa manoma da mafarauta a ƙofar gidan Maigari, bayan an ga wani farin hankaka a bayan mahauta. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa.



Ranka ya daɗe Maigari. Allah gafarta Malam Liman. Sarkin Baka, Sarkin Pawa, iyayena da 'yan uwana, barkanmu da yamma.

Tun a tasha na fara jin labarin tsuntsun nan. Kafin in iso nan na ji magana iri uku. Wasu sun ce aljani ne ya rikiɗa. Wasu sun ce alama ce ta wani abu da zai sami gari. Na kuma ji an ce wani baƙo ya zo ran kasuwa, ya yi alkawarin kuɗi ga duk wanda ya kamo masa shi, da rai ko a mace. Tun daga ranar yara ba su ajiye danƙo ba.

To, yau da sassafe Sarkin Pawa ya raka ni bayan mahauta. Muka zauna a gindin tsamiya, muka yi shiru. Ba mu daɗe ba sai ga shi ya sauka tare da wasu hankaki. Na dube shi da kyau. Girmansa ɗaya da nasu. Bakinsa mai kauri ne irin nasu. Yana tafiya yana taƙama, yana ɗan tsalle, kamar yadda suke yi. Da ya buɗe baki, kukan hankaka ya yi. Jikinsa fari ne, sai 'yan baƙaƙen gashi a wutsiya da gefen fiffike. Idonsa kuwa baƙi ne kamar na sauran.

Jama'a, hankaka ne, ɗan hankaka, jikan hankaka. Rini ne kawai bai kama gashinsa ba. Bari in yi muku bayani, don gobe in kun ga wani farin tsuntsu ku gane shi da kanku, ba sai an aika a kira ni ba.

Daga ina launi yake zuwa?

Duk wanda ya taɓa zuwa marina ya san farin ƙyalle ake kaiwa. A tsoma shi a baba, ya fito shuɗi ko baƙi. Gashin tsuntsu ma haka yake. In babu rini, fari ne. A lokacin da gashin yake tsirowa, fatar tsuntsun ce take zuba masa rini. Masana suna kiran wannan rini melanin. Shi ne yake ba da baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa. Shi ne kuma yake cikin fatarmu da gashin kanmu da idonmu, mu mutane.

In gashi ya gama tsirowa, an tashi daga marina ke nan. Ba ya ƙara samun rini, sai ya zube wani ya fito. Yawancin tsuntsaye suna sake gashi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Akwai rini na biyu. Shi wannan daga abinci tsuntsu yake samunsa, wato daga tsaba da 'ya'yan itace da ƙwari. Shi yake ba da ja da ruwan ɗorawa a jikin tsuntsaye da yawa. Mata masu kiwon kaji sun san wannan. Kazar da take cin jar masara da ɗanyen ganye, gwaiduwar ƙwanta ta fi ja. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ko dama haka irinsa yake?

Wannan ita ce tambayar da za ka fara yi wa kanka. Tsuntsaye da yawa farare ne tun asali, babu abin da ya same su.

Balbela kowa ya san ta. Fara ce, bakinta ruwan ɗorawa, tana bin shanu tana kama fara. Lokacin da za ta yi ƙwai sai gashin kanta da ƙirjinta da bayanta ya yi jaja-jaja, kamar an shafa mata jar ƙasa. Ba ciwo ba ne, ado ne. A bakin ruwa kuma akwai wata mai kama da ita. Ita bakinta baƙi ne, ƙafafunta baƙaƙe, amma yatsunta ruwan ɗorawa, kamar ta sa takalmi. Jinjimi fari ne, kansa da wuyansa baƙi. Kwasakwasa ma fari ne. Masu zuwa su a fadamun Haɗeja da Nguru sun saba ganinsu.

Da rani wani babban tsuntsu yakan zo mana daga ƙasashen Turai. Ƙirarsa irin ta shamuwa ce, amma ya fi ta girma. Jikinsa fari, fukafukansa da baƙi, bakinsa da ƙafafunsa ja. Kada a ce shamuwa ce ta yi fari. Dangi ne, amma iri daban. Shamuwarmu baƙa ce mai farin ciki, kuma da zuwan damina take zuwa.

Haka nan in ka ga farar zabuwa a daji, ka fara tambayar maƙwabta. Sau da yawa ta gida ce ta ɓata. In ka ga farin tsuntsu a cikin hasbiyoyi, ka duba gefen idonsa. Hasbiya tana da jar fata a kewayen ido. In babu, wataƙila tantabarar wani ce ta bi su kiwo.

Sai mujiya. Nan zan ɗan tsaya, don na san abin da ake yi mata. Akwai mujiya mai farar fuska da farin ciki, idonta baƙi. Tana kwana a tsohon soro, ko kogon itace, ko rufin makaranta. Da dare in ta wuce sai ka ga kamar farin ƙyalle, ba ka jin motsin fiffikenta. Kukanta ba daɗi. Saboda haka ake jifanta, ana cewa mugun abu ce. Alhali haka irinta yake, a nan da sauran ƙasashen duniya. Abincinta ɓeraye ne, takan ci 3 ko 4 a dare ɗaya. Wanda ya kashe ta, ya kori mai gadin rumbunsa da ba ya karɓar albashi.

Wani abu kuma, ido yakan yi ƙarya. Tsuntsun da ya yi birgima a toka zai tashi fari fat. Hazon hunturu da ranar tsaka suna sa launi ya dushe. Kada ka yanke hukunci da gani ɗaya. Ka sake dubawa da safe ko da la'asar, rana tana bayanka.

Ɗan gidan wa ne?

To, a ce ka tabbata ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Yanzu sai ka manta da launi gaba ɗaya.

In ƙanenka ya taho daga gona da magariba, ba ka ganin launin rigarsa. Amma ka san shi ne. Da me ka gane shi? Da tsawonsa, da tafiyarsa, da muryarsa in ya yi sallama. Haka za ka yi wa tsuntsu.

Ka auna girmansa da tsuntsayen da ka sani. Ya kai gwara? Ya kai kurciya? Ko ya kai hankaka, ko zabo? Ka dubi bakinsa. Gajere mai kauri na mai cin tsaba ne. Siriri na mai cin ƙwari ne. Mai lanƙwasa kamar ƙugiya na mai cin nama ne. Dogo mai tsini yawanci na mai kiwo a ruwa ne. Ka dubi wutsiya da tsawon ƙafa. Ka lura da yadda yake tashi. Kurciya ko ta yi fari kamar auduga, tana tafiya tana kaɗa kai, tana kukan kurciya. Cilakowa ko wane launi ya yi, bakinsa zai tona shi.

Ka ga su wa yake bi. Tsuntsu yakan yi kiwo da danginsa, ya kwana da su. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai. Ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba sukan haɗu iri-iri a wuri ɗaya, musamman a masussuka da bakin rijiya. Murya ta fi komai. Rashin rini ba ya canja murya.

Sarkin Baka, ku kun fi ni sanin wannan. Kuna gane makwarwa da kukanta tun ba ku gan ta ba.

Sai a dubi ido

In ka san ko wane iri ne, saura ka san abin da ya sa ya yi fari. Mutane da sun ga farin tsuntsu sai su ce zabiya ne. Wani masani mai suna Hein van Grouw, mai kula da ɗakin ajiyar tsuntsaye a garin Tring na Ingila, ya yi shekaru yana nazarin wannan abu. A 2006 ya yi rubutu ya nuna cewa yawancin fararen tsuntsayen da ake gani a daji ba zabaya ba ne.

Zabiya na gaskiya, jikinsa ba ya iya yin melanin ko kaɗan. Ba a gashi ba, ba a fata ba, ba a ido ba. Saboda haka idonsa ja-ja ne, don jinin da ke cikin idon ne kake hangowa. Ko tsakiyar idon ba baƙi ba ne. Ƙafafunsa da bakinsa ma sun yi fari-fari. Gado ne, kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye. Su kansu launinsu daidai yake. Amma a cikin 'ya'yansu, ana sa ran 1 cikin 4 ya fito zabiya.

Irin wannan tsuntsu ba ya gani sosai. Hasken rana yana kashe masa ido. Ba ya hango shaho da wuri, ba ya sauka a reshe daidai. Yawanci ba ya daɗewa bayan ya bar sheƙa. Don haka in ka ga babban farin tsuntsu yana tashi lafiya, yana kokawar abinci da 'yan uwansa, da wuya a ce zabiya ne.

Kun tuna rini na biyu, na abinci? Shi ba ya ɓacewa don an rasa na farko. Kuna iya ganin farin tsuntsu a cikin garken jan-baki, amma bakinsa yana nan ja. Tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da baƙin kai, mai saƙa sheƙa a ƙarshen reshe, in ya rasa melanin baƙin ne zai tafi. Ɗorawar tana nan.

Ga wani tarko, kada ku faɗa. Akwai wani ɗan shaho da yake zama a kan wayar lantarki ko busasshen itace a gona. Bai fi hasbiya girma da yawa ba. Cikinsa fari, bayansa ruwan toka. Yakan tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, yana neman ɓera. Idonsa ja wur. Wani zai ce ga fari, ga jan ido, ai zabiya ne. A'a. Ku dubi kafaɗarsa, baƙa ce. Tsakiyar idonsa ma baƙi ne. Haka irinsa yake. Duk tsuntsun da ka ga baƙin gashi ko ɗaya a jikinsa, ba zabiya ba ne.

In ido baƙi ne fa? To, akwai dalilai da dama.

Wani da farinsa aka ƙyanƙyashe shi. Wani sashe na fatarsa ba shi da marina, sai gashin wurin ya fito fari. Yakan zama dabbare-dabbare, kamar akuya. Sau da yawa farin yana daidaita dama da hagu. Wani kuma duk jikin ne. Masana suna ce wa wannan liyusizim. Alamarsa ita ce farin ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Yadda ka gan shi bana, haka za ka gan shi baɗi.

Wani kuma furfura ce. Kada ku yi dariya, iyayena, tsuntsu ma yana yi. Yakan fara rayuwa da launinsa daidai. Daga baya, duk sanda ya sake gashi sai farare su ƙaru. Bana kaɗan a ka, baɗi ya kai baya, har wata rana ya zama kusan fari duka. Binciken masanin nan na Ingila ya nuna furfura ce ta fi yawan kawo farin gashi ga tsuntsayen daji.

Na tambayi Sarkin Pawa, ya ce bara waccan akwai wani hankaka mai ɗan fari a ka da yake zuwa mahauta. Bara kuma farin ya sauko masa har fiffike. To, kun ji. Tsuntsun da ake cewa baƙo ne, shekara 3 ke nan yana cin hanji a garinku. Furfura ce ta cim masa.

Akwai kuma koɗaɗɗe. Shi rinin yana nan, amma bai yi ƙarfi ba. Kamar atamfar da ta sha wanki, zanen yana nan amma ya dushe. Za ka ga kurciya fari-fari, in ka matsa sai ka ga ɗigon wuyanta yana nan a wurinsa. Irin wannan gashi rana tana ƙara cinye shi. Kafin ya zube sai ya koma kamar fari.

Yunwa ma tana yi. Ɗan hankakan da bai sami abinci mai kyau ba yana cikin sheƙa, yakan fito da farin layi a gashin fiffikensa. In ya sami abinci ya sake gashi, sai layin ya tafi. Wani lokaci kuma inda aka ji wa tsuntsu rauni, gashin wurin yakan fito fari.

Abin da ya rage mana

Farin gashi ba gata ba ne a daji. Shaho yana hango farin tsuntsu daga nesa a cikin garke. Bayan haka melanin yana ƙara wa gashi ƙarfi. Gashin da ba shi da rini ya fi saurin cinyewa da karyewa. Ku lura da jinjimi da kwasakwasa. Duk farinsu, bakin fiffikensu baƙi ne, don nan ne iska ta fi ci. Hankakan nan namu da ƙyar yake kai gashinsa ƙarshen shekara. Bai kamata mu ƙara masa da danƙo ba.

Wata uwa ta tambaye ni ko zai shafa wa kajinta. Ba zai shafa ba, Inna. Farin gashi ba cuta ba ne, ba a ɗaukarsa. Abin da za ku kiyaye shi ne tsuntsun da kuka tsinta a mace, ko yana layi, ko fari ne ko baƙi. Kada yara su ɗauka, kada a kai gida. Murar tsuntsaye gaskiya ce. A 2006 aka fara tabbatar da ita a Nijeriya, a Jihar Kaduna. In kun ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa, ku gaya wa malamin dabbobi.

Game da baƙon nan mai kuɗi kuwa, zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa wani daɗi ba. Naman farin hankaka da jininsa da ƙashinsa ɗaya suke da na baƙin hankaka. Bambancinsu rini ne, kuma shi farin ma rasa shi ya yi. Ba a ƙara masa komai ba. Wanda ya sayi kansa don magani, ya sayi kan hankaka da tsada.

Wannan ciniki kuma mun ga abin da ya yi wa ungulu. Dattawa, da can ina ake yanka a mahauta ba ungulu? Yau da safe ko ɗaya ban gani ba. A 2015 aka sa ungulun mahauta a cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Kama su da ake yi ana sayarwa don magani yana cikin manyan dalilai. Akwai ma wata ungulu da take fara tun asali in ta girma, fuskarta ruwan ɗorawa, bakin fiffikenta baƙi. Ita ma ta yi ƙaranci ƙwarai. A 2013 masana a ƙasar Girka suka ɗaura wa wata ƙarama irinta na'ura don su bi tafiyarta. Ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta sauka a kudancin Nijar. A 2014 wani mafarauci ya kashe ta don ya sayar.

Tun da mun ambaci zabiya, bari in ƙara kalma ɗaya. Ɗan Adam da aka haifa zabiya, dalilin ke nan, rashin melanin. Gado ne daga uwa da uba duka. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin aljani ba ne. Abin da yake bukata shi ne malafa da riga mai dogon hannu saboda rana, da kujerar gaba a aji saboda idonsa. Tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya take ware ranar 13 ga Yuni kowace shekara don a tuna da haƙƙin zabaya.

In kun ga wani farin tsuntsu nan gaba, ga abin da nake roƙo. Mai littafi ya rubuta rana da wuri. Ya rubuta girmansa, da launin idonsa da bakinsa da ƙafarsa, da inda farin yake a jikinsa, da tsuntsayen da yake bi. Mai waya ya ɗauki hoto daga nesa, kada a kore shi. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos. Tun 2015 suke tattara labarin inda ake ganin kowane irin tsuntsu a Nijeriya, kuma irin tsuntsayen ƙasar sun haura 900. Abin da manomi ya gani a gonarsa yana da amfani a wurinsu.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a yi shela a gaya wa yara su bar hankakan nan. Sarkin Pawa kuma ga aikinka. Dogayen gashin wutsiyar hankaka 12 ne. Yau na ƙirga 4 baƙaƙe a wutsiyarsa. Ka riƙa dubawa in ya sauka. In Allah ya kai mu bayan kaka zan dawo, sai mu sake ƙirgawa tare.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.